Gidan da unguwa ta sani, littafi bai sani ba



Shekarata 19 ina riƙe da alli, kuma duk tsawon shekarun nan a gidan haya nake. Bara bayan girbi labari ya iso mini cewa iyalan wani tsohon daraktanmu, Allah ya jiƙansa, za su sayar da gidansa a nan Maraɗi don a raba gado. Ɗaki uku ne da zaure, ga dalbejiya a tsakar gida. Muka yi ciniki da babban ɗansa a gaban mahaifiyarsu, muka tsaya a kan miliyan 9. Abin da na tara da na adashi bai kai miliyan 3 ba, saboda haka na nufi bankin da albashina ke faɗawa, in nemi bashi in jinginar da gidan.

Hajiya ta buɗe wata tsohuwar jaka ta miƙo mini duk takardun da marigayi ya bari. Akwai takardar sayar da fili ta hukuma, wadda muke kira akt da sesiyo, amma da sunan wani mutum dabam. Akwai takardar ciniki da aka rubuta da hannu, da hatimin mai unguwa da sa hannun shaidu biyu. Sai tarin rasit na wuta da ruwa. Ma'aikacin bankin ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ni ina titir fonsiye. Na ce masa kowa a unguwar ya san gidan darakta ne, shekara kusan ashirin yana ciki, ba wanda ya taɓa ɗaga masa yatsa. Sai ya ce: "Mushe, ni ban ce gidan ba nasu ba ne. Cewa na yi littafi bai san shi ba."

Na fito raina a ɓace. Amma da yake tarihi nake koyar da yara, tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai: wane littafi ne wannan, wa ya kawo shi, kuma me ya sa ya fi shaidar unguwa guda ƙarfi? Abin da na gano shi ne nake son in gaya muku, don na san da yawa cikinmu irin wannan jaka ce a ƙarƙashin gado.

Kafin zuwan takarda

A ƙasar Hausa ba a taɓa rasa ƙa'idar mallaka ba. Wanda ya sari daji da izinin mai gari, gonar tasa ce da 'ya'yansa. Baƙo ya zo gari, mai unguwa ya nuna masa inda zai kafa danga. Ana samun ƙasa ta gado, ta kyauta, ta aro, ta saye, ko ta jingina. Iyaka ita ce layin gamba, ko aguwa, ko wata tsohuwar gawo da kowa ya sani. Shaida kuwa mutane ne: dattawan da suka tsaya ranar da aka yi magana.

Jingina ma ba baƙuwa ba ce. Idan yunwa ko biki ya matsa wa mai gona, sai ya karɓi kuɗi ko damman hatsi ya miƙa gonarsa, mai kuɗin ya yi ta noma har ranar da aka fanshe ta. Addini ya san da wannan: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, wadda ke bi mata kuma ta ambaci jinginar da ake riƙewa a hannu.

To a nan bambancin yake. A jinginar kakanninmu mai ba da bashi yana riƙe da abin, yana shiga gonar kowace damina, gari duka na gani. A jinginar banki kai ne za ka ci gaba da kwana a gidan. Banki bai riƙe komai ba sai layi ɗaya da aka rubuta a wani littafin hukuma, cewa gida mai lamba kaza yana ɗauke da bashin kaza, ba a sayar da shi sai an biya. In gidan ba shi da shafi a littafin, ina za a rubuta layin? Wannan shi ne abin da ma'aikacin yake nufi.

Littafin da Nasara ya kawo

Asalin littafin daga nesa yake. A shekarar 1858, a kudancin Ostareliya, wani jami'i mai suna Robert Torrens ya sa aka yi dokar da ta ba kowane fili shafinsa a rajistar gwamnati, da lambarsa da zanensa da sunan mai shi. Abin da ke shafin shi ne gaskiya a idon hukuma, komai ya faru kafin nan an rufe babinsa. Faransa ta ari wannan tsari ta kai Tunisiya a 1885, ta kai Madagaska a 1897, sannan ta shimfiɗa shi a duk yankunanta na Afirka ta Yamma da dokar 24 ga Yulin 1906. Aka sake gyara shi da dokar 26 ga Yulin 1932, kuma har yau wannan doka ta 1932 ita ce tushen titir fonsiye a Nijar.

Hanyar samunsa doguwa ce tun farko. Ka shigar da buƙata, a buga sanarwa a jaridar gwamnati, mai awo ya zo ya kafa duwatsun iyaka a gaban maƙwabta, a jira wata uku ko akwai mai ja. In ba a samu ba, a buɗe maka shafi. Daga ranar nan ba mai sake tayar da maganar asalin filin. Wannan ƙarfi shi ne abin da mai ba da bashi ke so.

Amma wa aka yi wa dokar? Kamfanonin cinikin Turawa da ke son kafa kanti da sito, da bankunan da ke ba su bashi, da ita kanta gwamnatin mulkin mallaka. Ba a hana ɗan ƙasa yin rajista ba, sai dai da Faransanci ake yi, a ofis mai nisa, da kuɗin da manomi bai da shi, don kare kansa daga gardamar da bai taɓa gani ba. Me zai kai shi? Sai dokar 15 ga Nuwamban 1935 ta zo ta ce duk ƙasar da ba ta da mai ita, da wadda ba ta da takarda kuma aka bar ta fiye da shekara goma ba aiki, ta gwamnati ce. Wanda ya san yadda ake barin saura ta huta, da yadda makiyaya ke tafiya su dawo, ya san abin da wannan ke nufi. Sai a 1955, gab da ƙarshen mulkinsu, wata doka ta juya nauyin: gwamnati ce za ta nuna cewa fili ba na kowa ba ne.

A cikin gari ma kashi biyu aka yi. A Damagaram, wadda ta riƙe hedkwatar mulki daga 1911 zuwa 1926, Birni da Zango suka ci gaba da zama a kan al'ada, unguwar Turawa kuma da awo da lamba. Da aka mayar da hedkwata Yamai, haka aka ware tudun Filato ga ofisoshi da gidajen Turawa. A unguwannin 'yan ƙasa da aka yanka, abin da ake ba mutum shi ne takardar izinin zama: ka gina, ka zauna, amma ƙasar ta hukuma ce.

Mu a Maraɗi muna da namu labarin. A 1945 ruwan Gulbi ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka hau tudu, aka yanka sabon gari da miƙaƙƙun tituna. Bagalam, 'Yandaka, Limanci, Ɗan Gulbi, Maraɗawa, duk da sunayensu suka hawo. Kakana na cikin waɗanda aka nuna wa fili a lokacin. Ya bar mana gida, ya bar mana labarin ambaliyar, takarda ko ɗaya bai bar mana ba, kuma bai ga ya rage mu da komai ba.

Bayan 'yanci

Da muka samu mulkin kai a 1960 ba a yar da littafin ba, an gaje shi yadda yake. Dokar 1959 a kan filayen gwamnati ta tsara matakan da muke bi har yanzu: hukuma ta yanka fili ta ba ka na wucin gadi, ka raya shi da gini, a zo a tabbatar ka raya, sannan ya zama naka na dindindin a buɗe maka titir. Akt da sesiyo tsani ne na farko. Mafi yawanmu a kansa muka tsaya, muka ɗauka mun kai soro.

Akwai hanyoyin bashin gida a wancan zamani. Crédit du Niger na ba ma'aikata rance su yi gini, kamfanin Sonuci na gina gidaje. Amma ma'aikatan gwamnati a lokacin 'yan kaɗan ne, akasarin waɗannan gidaje kuma a Yamai suke. A karkara Seyni Kunce ya yi shela ranar 18 ga Disamban 1974 cewa gona ta zauna a hannun mai noma ta, ko ta wace hanya ta zo masa. Manufar ita ce a kare talaka, amma da baki aka yi shelar, sai masu gona suka fara tsoron ba da aro, ƙararraki suka ƙaru a ƙofar sarakuna.

Sai tattalin arziki ya karye. Kuɗin yuraniyom ya faɗi, babban bankin raya ƙasa BDRN ya durƙushe a 1990 da tarin basussukan da ba a biya ba, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Waɗanda muka yi karatu a shekarun nan mun tuna yajin aiki da shekarun da aka soke, mun tuna malamanmu suna wata da watanni ba albashi. Bankunan da suka tsira sun koyi darasi: ba su ƙara ba da dogon bashi a kan mutunci ko sanayya.

A farkon shekarun 2000, zamanin Tanja Mamadu, gwamnati ta biya wani ɓangare na bashin albashin da ma'aikata ke bin ta da filaye. Wanda ke bukatar hatsi da kuɗin magani ba fili yake so ba, saboda haka da yawa suka sayar nan take, da arha, suka miƙa takardar yadda take da sunansu. Filin daraktanmu ta nan ya fito. Wani ma'aikaci aka ba, ya sayar wa darakta a gaban mai unguwa, ba wanda ya koma meri a sauya suna. Darakta ya yi gini a hankali, bulo ɗari yau, kwano goma gobe, har ya tare. Mutum ne da ba ya yarda ɗalibi ya shiga jarrabawa da kuskuren harafi ɗaya a takardar haihuwa, amma gidansa da sunan wani ya tafi ya bar shi.

Dokoki biyu a shekara ɗaya

Shekarar 1993 ta fi kowace bayyana halin da muke ciki. Ranar 2 ga Maris Nijar ta kafa dokar ƙasar karkara, wato Kod Riral, wadda ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta al'ada da wanda ya samu ta rubutacciyar doka kariyarsu ɗaya. Daga nan aka samu hukumomin ƙasa da muke kira kofo, waɗanda aka fara gwadawa a Mirya da Maine Sorowa a 1994, kafin su bazu zuwa jihohi da ƙananan hukumomi da ƙauyuka. Takardar shaidar mallakar gargajiya da mai gari ke sa wa hannu ta samu gindin zama. Wannan ci gaba ne na gaske.

A cikin Oktoban shekarar kuma, a tsibirin Moris, ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka kafa ƙungiyar OHADA don su haɗa dokokin kasuwancinsu, da Nijar a ciki. Dokarta ta lamuni, wadda aka yi a 1997 aka sabunta a 2010, ta kafa ƙa'ida cewa gida ko filin da aka yi wa rajista shi ake jinginarwa. Ke nan doka ɗaya ta ce gonarka taka ce ko ba titir, ɗaya kuma ta ce banki ba zai riƙe ta ba sai da titir. Duka biyun gaskiya suka faɗa, mu ne a tsakiya.

Ga kuma gari na cin gona. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 yankan filaye ya zama babbar hanyar samun kuɗin meri, 'yan kasuwa ma suka shiga yanka. Gonar da ake noman gero bara, bana ta zama unguwa. Wani yana riƙe da takardar mai gari, wani da ta meri, wani da rasit kawai, wani lokaci duk a kan fili ɗaya. Gwamnati ta ga cewa tsohuwar hanya ta yi tsada da tsawo, shi ya sa daga 2006 ta fito da titir mai sauƙi da rangwamen kuɗi, ta sa masa suna da Hausa: Sheda. Shekara ɗari cif bayan dokar 1906 littafin ya ari kalmarmu. A ƙarshen 2018 kuma aka buɗe bankin gidaje na ƙasa. Amma kowace ƙofa ka ƙwanƙwasa, tambayar farko ɗaya ce: da sunan wa takardar take?

Ƙetaren iyaka

Na ba wani ɗan uwana da ke koyarwa a Katsina labari, ya yi dariya ya ce ciwon ɗaya ne, sunan magani ne ya bambanta. Can Ingila ce ta yi doka a 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin ikon gwamna. A Maris na 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta shimfiɗa irin wannan tsari a Najeriya baki ɗaya: ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta, mutum yana da haƙƙin zama ne, takardar da ke shaida hakan ita ce suke kira C of O, galibi ta shekara 99. Ba a jinginar da fili sai da amincewar gwamna. A 1989 kotun ƙolinsu, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta soke wata jingina saboda ba a nemi wannan amincewa ba, daga nan bankuna suka ƙara ƙanƙame hannu. Tsakanin Maraɗi da Katsina tafiyar sa'o'i kaɗan ce, dangi ɗaya, al'adar gado ɗaya, amma kowane ɓangare da littafin da mai mulkinsa ya bari.

Yadda muka ƙare

Banki ya ce zai iya ba ni bashi a kan albashina kawai, na 'yan shekaru, wanda ko rabin abin da nake nema bai kai ba. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya taya gidan miliyan 7, kuɗi hannu, bai damu da takarda ba. A nan na gane wa ke cin hasarar rashin takarda. Gidan da banki ba ya karɓa, mai tsabar kuɗi ne kawai zai iya saye, kuma shi ke yanka farashi. Marayu su yi asarar miliyan 2, malami ya koma haya.

Na je na durƙusa gaban Hajiya na ce: "Inna, ki ba ni lokaci." Ta ce: "Ɗana, shi ma da yana raye kai zai so. Amma ƙannenka na jiran rabonsu, kada ka wuce damina."

Na wuce damina. Sai da muka nemo mutumin da sunansa ke kan takardar, muka same shi a Tawa ya yi ritaya, idonsa ya raunana. Allah ya saka masa, bai nemi ko dala ba, ya sa hannu. Da ya riga mu gidan gaskiya, da 'ya'yansa za mu bi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba lalle su san da cinikin ba. Shaidu biyun nan, ɗaya ya rasu, ɗayan muka kai a kan babur. Sai takardar magada daga kotu, da zaman dangi da aka rubuta, da takardar wakilci daga wani ɗa da ke aiki a Agadas. Sai sauya suna a meri, sai mai awo, sai masu tabbatar da gini, sai ofishin rajistar filaye da ke ma'aikatar haraji. Kowane mataki da kuɗinsa, kowace tafiya kuma sai na roƙi abokin aiki ya riƙe mini aji. Wata 11 muka yi. Da fayil ɗin titir ya shiga, aka sa hannu a gaban notar, banki ya saki kuɗin. Na ƙara wa magada jika 500 a kan ciniki saboda jiran da na sa su, kuma ban ga na biya su haƙurinsu ba.

Na san wasu za su ce bashin banki da kuɗin ruwa yake, su ba su kusantarsa. Wannan magana ce da kowa zai kai wa malaminsa. Amma ko tsarin Musulunci ka bi, wanda banki ke sayen gidan ya sayar maka da ribar da aka sani, takardar nan za a nema. Kuma ko ba ka da niyyar cin bashi har abada, 'ya'yanka za su yi rabon gado wata rana.

Saboda haka yau da dare ka ɗauko jakar nan ka duba sunan da ke kan takarda. In ba naka ba ne, ka nemi mai sunan tun yana raye, tun shaidu na iya tafiya. In gidan gado kuke ciki, ku zauna ku rubuta wa ke da me, da 'yan uwa mata a zaman, tun ana ga maciji. In fili za ka saya, kada ka biya sai ka je meri ka ga lambarsa a taswirar yanka da sunan da ke rajista, kuma a sauya suna kafin ka ɗora bulo. In kana da hali ka ƙarasa har Sheda, ko da za ka jinkirta fenti da tayil shekara guda. Mu malamai kuma, yadda muke bin iyaye kan takardar haihuwar yara kafin jarrabawa, mu riƙa saka wannan magana a taron iyaye ko da minti biyar ne.

Gidan kakana na Bagalam har yau ba shi da shafi a littafi. Mu 14 ne magada yanzu, banda jikoki. Na kira taron dangi bayan sallah.